Shirun Dutsen Niƙa

Bakin kogin Tirent, Ingila, shekara ta huɗu da soma yaƙin Sarki da Majalisa

Ba igwa ce ta tashe ni ba.
Igwa mun saba da ita kamar tarin tsohon maƙwabci,
wata biyar tana yi, muna gyara kwanciya.
Shiru ne ya tashe ni.
Wilin niƙan babanmu,
wanda tun ina goye bai taɓa rufe baki ba,
ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga haƙarƙarinsa.

Na hau ganuwa da asuba, ƙanƙara na cizon yatsuna.
Kogi ya zame kamar mayafi daga kan mai barci,
ya bar taɓo, da tsohon anga,
da kifaye suna haki, yara na tsinta a hula.
Can sama da gari, mutanen Majalisa
sun datse shi da itace da buhunan ƙasa,
sun juya masa fuska zuwa wata gona.

Cikin masu haƙa akwai bahago ɗaya.
Na san wannan jifan shebur.
Haka yake zubar da dusa tun yana ɗan bakwai.
Jabez, nono ɗaya muka sha.
Wa zai nuna musu jijiyar kogin nan
in ba ɗan mai niƙa ba?

Daga ranar muka koma turmi.
Alkama ta ƙare, sha'ir ya bi ta,
sai wake, sai dokin mai kai wasiƙa.
Gwamnan gari ya tara azurfar mutane,
Oswin maƙeri ya yanka ta kusurwa huɗu don biyan soja.
Cokulan innarmu shida suka tafi.
Ɗaya ya dawo hannuna a kasuwa, canjin kyandir,
rabin harafin sunanta na nan a gefe.
Ban kashe shi ba. Na kwana da yunwa, yana ƙarƙashin harshena.

Sai annoba ta shigo, ba ta nemi tsani ba.
Ta fara da layin majema.
Ƙofa bayan ƙofa ana shafa jan fenti,
mai ƙararrawar coci ya gaji, ya ce a yafe masa,
ranar Laraba shi ma aka ɗauke shi ba ƙararrawa.
Tamsin, 'yarka da ka bar mini "na sati biyu,"
ta tambaye ni ko ruwan fushi ya yi da mu.
Na ce bulaguro ya yi.
Ta ce to in ya dawo a tashe ta.

Ganuwa ba ta faɗi ba, a rubuta wannan.
Takarda ce ta zo daga Sarki, wai a buɗe.
Sojanmu suka fita da ganga, suna kuka kamar mata a makoki,
ni kuwa ina shanya tsumma.

Kwana uku aka fasa madatsa.
Na ji shi tun kafin in gan shi,
yana tafe da kumfa da karmami da takalmin wani.
Wili ya yi nishi, ya ƙi, ya sake nishi.

Sai ga ka a bakin ƙofa, ka rame kai ma,
hula a hannu, idonka na bin ɗaki.
Ba ka tambaya ba. Takalmanta na kan taga.
Ka wuce ni, ka ɗauki tukunyar kitse inda take tun da,
ka durƙusa kana shafa wa gatarin wilin da hagu.

Ina da magana cike da baki, Jabez,
na wata bakwai, na wasa ta kamar wuƙa.
Amma dutse ya soma juyawa ba komai a cikinsa,
kuma baba ya hana a bar dutse ya ci ɗan'uwansa.
Na ce, "Miƙo buhun can."