Allon Owabi

Kawu Labaran ya ce in karanta masa allon,
shi boko bai taɓa shiga idonsa ba.
Tun da hantsi muka sauka daga motar Kejetia,
adakarsa naɗe cikin buhun masara.

Na karanta: ba a harbi a nan.
Ba tarko, ba raga, ba kare,
ba ɗaukar ƙwai ko da tsintuwa ce a ciyawa.

Ya ce, "Kirinjijiyar ce ta rubuta?"

Ofori mai gadi ya fito yana gyara hula,
ya gaishe shi da Hausar Zongo:
"Baba, ko da lasin a aljihunka,
iyakarsa wancan shingen."

Kawu ya dubi ruwa.
Da, in ji shi, in suka tashi rana kan ɓace.
Yau da yatsa ya ƙirga su,
goma sha ɗaya.
Ya sake ƙirgawa.

Muka koma Aboabo, buhu ba a kwance ba.
A hanya ya sayi bandar kifi ta sidi ashirin,
ya ce wa Inna Zulai
agwagin bana duk sun ɗauki lauya.