Tabon Ƙwauri

A teburin shayin Lawandi, Ƙofar Marusa,
bayan isha'i gardama ta tashi,
yau ba ta siyasa ba, ba ta tsadar taki ba.
Ta kare ce: wane iri ne mugu?
Kowa da hujjarsa a ƙarƙashin tufa,
ba daga littafi ya ɗauko ta ba.

Ni na fara naɗe wando,
na nuna ƙwauri, shaidar haƙora huɗu,
biyu sun dushe, biyu suna nan daram.
Na ce karen gida, siririn nan ja,
mai wutsiya kamar lauje,
shi ne munafuki, ba ya haushi sai ya kama.
Ina ɗan shekara tara, a bayan marina.
Allura goma sha huɗu na sha a gefen cibiya,
har yau cikina bai yafe ba.

Mantau ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Shekara shida yana gadi
gidan wani ɗan kwangila a hanyar Dutsinma.
Ya ce, "Naka ai wasan yara ne.
Ka san na 'yan sanda, mai baƙin baya,
wanda ake sayo wa nama ina shan garin kwaki?
Ni ke masa wanka, ni ke kwashe kashinsa.
Ranar da sarƙa ta tsinke
bai tuna da sabulun ba."
Ya ɗaga hannu, yatsa huɗu da rabi.
"Na gida, ka duƙa kamar za ka ɗau dutse, ya arce.
Wancan Turanci kawai yake ji,
ni kuwa ban yi boko ba."

Barmo yana gefe yana tsoma burodi.
Karnuka bakwai ya binne da hannunsa
tun Rugu tana shiguwa da gora da gwafa.
Ya ce, "Duna ta tsaya tsakanina da mugun dawa,
hanjinta a ƙasa, ba ta matsa ba.
Kuna ta tambayar iri sai ka ce gero.
Ku tambayi sarƙa. Ku tambayi yunwa.
Ku tambayi yaran da ke wucewa
da tsakuwa a aljihu.
Ni ma ɗaure ni a rana wata uku,
ku ga irina, wanda ba ku sani ba."

Lawandi ya kashe risho, ya kife kofuna.
Kowa ya sauke wandonsa, ya ɗauki gaskiyarsa,
muka watse ba a sasanta ba.

A hanya tsakuwar Barmo ta shiga takalmina.
Shekara talatin ina ba da labarin nan,
a majalisa, a mota, har wurin neman aure,
kullum daga cizon nake farawa.
Akwai kwalbati a bayan marina,
akwai 'yan kwikwiyo biyar, ido bai buɗe ba,
akwai yaro da rabin bulo a hannu.
Wannan ban taɓa faɗa ba.

Na iske Kuluwa a zaure, an hana ta barci,
wai kwikwiyon maƙwabta yana kuka a lungu.
Da rana ta kai masa ƙanzo a murfin kwano,
uwarta ta sa ta wanke hannu sau bakwai, har da ƙasa.
Ta ce, "Baba, wane iri ne shi?"
Na dubi ƙafafunta, sumul, ko ƙwarzane babu.
Na buɗe baki in ba ta gādona,
sai na ce, "Irin masu jin yunwa ne. Je ki kwanta."

Da asuba, a hanyar masallaci,
wani ja yana kwance a kan tulin yashi.
Na san abin da Barmo ya ce, na yarda da shi.
Duk da haka na tsallaka titi.
Kaina ya ji bayani,
ƙwaurina ne bai ji ba.