Kaza da 'Ya'yanta a Saman Andis

Kafin asuba Saturnino ya hau tudu,
bargo biyu, sanda ɗaya, jikarsa Waira a baya.
Watan Yuni ne, sanyi na cizon kunne.

Ya ɗaga kai neman Kaza da 'Ya'yanta.
Bara ya ƙirga su ras,
kamar gishiri a baƙin mayafi.
Bana sun yi dishi-dishi.

"Ba idona ba ne," in ji shi.
"Teku ce ta yi zazzaɓi can ƙasa,
tururinta ya hau ya shafe sama.
In ruwan masunta ya yi ɗumi,
namu ruwan sai ya yi nawa."

Waira ta ce malaminsu ma ya faɗa,
da taswira, da jan alli.
Tsoho ya murmusa: "Shi ya taɓa hawa nan?"

Suka gangaro.
Dutsen nan mai farar hula
ya tura ta can ƙeya,
rafi ya koma zare.

Irin dankali na cikin rumbu.
"A ƙara masa wata guda kafin shuka,"
ya gaya wa matarsa,
ya durƙusa yana hura wutar kashin lama.