Shekarun Da Ba A Ci Ba

Ni ke riƙe da littafin mamata a Iquitos.
Ofis ne ɗan tsugul, fanka ɗaya mai tari,
taga tana kallon kogin Itaya.
Shekara ashirin da ɗaya ina rubuta sunaye.
A da, biro guda kan kai ni wata uku.
A watan Mayun annoba, huɗu na cinye.

Da ƙura ta lafa sai ga takarda daga Lima,
ita ma Lima daga Geneva aka aiko mata:
ƙirga gawa kaɗai bai isa ba,
a ƙirgo shekarun da mamaci ya bari bai ci ba.
Ga jadawali, ga yadda ake ɗebewa.
Mudu ɗaya za a auna duniya da shi.

To, na gyara zama na hau ɗebewa.

Eleuterio Tapullima, mai kwalekwalen ayaba,
ya tafi yana da hamsin da takwas.
Jadawali ya ce yana bin duniya bashin talatin da ɗaya.
Na rubuta. Ban san wa zai biya ba.

Celestina Ahuanari, casa'in da ɗaya.
Rabin unguwar Belén ita ta yanke musu cibiya,
ta san ganyen da ke saukar da zazzaɓi
da wanda ke tsayar da jini.
Huɗu da ɗigo biyu, in ji jadawali.
Sau uku ina sake lissafin,
sikelin bai ko motsa ba.

Akwai gurbin waɗanda suka tashi.
Maƙwabcina Hermógenes ya tashi,
sai dai matakala goma yanzu zango biyu ce gare shi,
kofi kuma ƙamshinsa ɗaya da ruwan tulu.
An ba wahalarsa maki, sifili da ɗigo kaza.
Da na faɗa masa ya yi dariya,
dariyar ta ƙare da tari.

Ƙanwata Zoraida fa?
Cutar ba ta taɓa ta ba.
Naƙuda ce ta zo mata a daren da asibiti ya cika,
mutane kwance har baranda,
kowa rungume da tukunyar iska kamar jariri.
Asuba ta riske ta a cikin keken haya.
Na tambayi Lima, wane gurbi?
Suka ce: rarar mutuwa,
wato abin da ya ɗoru a kan na kullum.
Ƙanwata rara ce.

Bayan shekara aka fito da jerin ƙasashe,
kowace da sandarta, wata doguwa, wata guntuwa.
Tamu ta yi tsawo har ta kusa fita daga shafi.
Wata ƙasa can, sandarta kamar ƙwayar shinkafa,
na ce ko dai sun tsira,
ko dai babu mai biro a garinsu.
Mu ma nan, kwana shida a ruwa sama da mu,
akwai ƙauyukan da suka binne nasu cikin laka
babu takarda, babu hatimi.
A jadawali har yau suna raye, suna su.

Ban raina aikin ba.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
amma mai kawo kwano sai an gwada masa da yatsa.
Da wannan lissafin aka kawo mana injin iska,
yana nan bayan asibiti, yana gurnani dare da rana.

Abu ɗaya ne ya bi ni gida.
Jiya ɗan Eleuterio ya kawo ayaba bakin gaɓa,
filafilin ubansa ya fi shi tsawo.
Na ce, shekarunka nawa, yaro?
Ya ce sha huɗu.
Kafin in miƙa masa kuɗi
na riga na ɗebe.