Ciki da Falo a Bayan Gida

Inda igiyar shanya take a da,
tsakanin bishiyar fiya da bakin rijiya,
nan Dalyop magini ya kafa turakunsa,
ya ja farin zare, ya ce, "Mama, ƙafa goma sha biyu nan,
ashirin can, kada mu taɓa katangar maƙwabci."
Na ce to. Ni da buhun siminti nake lissafi,
ban san ƙafa ba.

Kwana biyu ana haƙa, sai diga ta yi ƙara.
Dutse. Ai Jos ce,
ba ka tona ƙasa ka rasa mai gida a kwance.
Suka hura masa wuta da tsohuwar taya,
suka kwara ruwan sanyi, ya tsage gida uku,
kuɗin tifar yashi ya bi hayaƙi.

Fiyar ce ta tsaya mini a rai.
Malam Shitu ya dasa ta shekarar da na haifi Nafi'u,
ƙwallo ɗaya a gwangwanin madara.
Dalyop ya ce saiwarta za ta ɗaga daɓe.
Ranar sara na tafi Taminus sayen abin da ba na buƙata,
na dawo na tarar sama ta yi yawa a tsakar gida.

Bulo ɗari huɗu, adashen wata bakwai.
Kwanon rufi kuwa, sai da 'yan kunnena
suka je kasuwa ba su dawo ba.
Wani mai takarda ya zo daga ofis,
ya shafa jan fenti a bango, wai a dakata.
Sawu huɗu na yi a sakatariya cikin sanyin safe,
hannu a hammata, kafin hatimi ya sauka.
Nafi'u ta waya daga Abuja: "Umma, ki bari sai na samu."
Ɗana, ruwan Agusta ba ya jiran albashi.

Niyyata haya ce, ba wani abu ba.
Ɗalibi ko malamar asibiti, mai shiru,
a biya ni shekara, in huta da jiran fanshon mamaci
mai zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Sai ranar da aka sa ƙofa na shiga in share.
Ƙanshin ɗanyen siminti.
Taga ɗaya, tana kallon duwatsun Shere.
Na zauna a kan bokitin fenti,
na ji ɗakin ya zauna mini kamar tsohon takalmi.
Na waiga babban gida: ɗaki huɗu, ni kaɗai,
ina wanke labulen da ba mai ɗagawa,
ina kunna ƙwai a falo
don kada duhu ya zaci ba kowa.

Na kira dillali, na ce a juya allon.

Yanzu Nanret ce a gaba, da mijinta da yara uku.
Famfo ɗaya, mita biyu,
da 'yar gardama kan wa ya bar ƙofar waje a buɗe.
Autan yakan leƙo ta tagata da hancinsa mai yoyo,
"Kaka, akwai ƙanzo?"
Kullum akwai. Don shi nake barin tukunya ta kama.

Da daddare ina jin ana jan kujera inda Malam yake zama,
ana dariya a ɗakin da na yi takaba.
Na saurara in ji zafin da na zata,
bai zo ba,
sai ruwa a kan sabon kwano, kusa da kaina,
kusa ƙwarai.

Kututturen fiya yana nan bayan banɗaki.
Jiya na ga ya fid da toho biyu, jajaye,
ta gefen da ke manne da tushen gini.
Dalyop zai zo Asabar karɓar cikon kuɗinsa.
Na jingina tsohon faranti a wurin.