Naɗin Waya a Anápolis

Ƙarfe bakwai na ɗaga ƙofar shago,
ruwan Janairu na dukan kwano,
ga Cleiton tsaye rungume da sifika
kamar mai ɗauke da ɗan da zazzaɓi ya kayar.
Karo na uku ke nan a wata biyu.
Ban tambaye shi ba, hanci ya riga baki:
ƙaurin gam ne da ya wuce dahuwa.

Na yanke mazurarin, na zaro bututun.
Jan ƙarfen da na naɗa da hannuna
ya koma baƙi ƙirin, ya warware
kamar kitson da aka tsefe cikin fushi.
"Jucélia," ya ce, "Asabar ake gasa bayan gidan mai.
Sa mini wayar da ba ta ƙonewa."

Babu ita, yaro.
Siririya za ta ba ka zagaye da yawa,
amma wuta na matsuwa a cikinta,
ta yi zuciya, ta ɗau zafi.
Mai kauri na shanye wuta kamar ba a yi ba,
sai dai nauyin jiki,
ka ce tashi, ta ce bari in gyara zama.
Alminiyam sakayau ne, amma ba ya shiri da dalma.
Zagayayya in ka jera ta tana barin kafofi
inda iska ke kwana, zafi ya kama haya.
Mai faɗi tana kwanciya kafaɗa da kafaɗa,
ba ta bar wa kowa wuri,
kuɗinta ma ba ya barin komai a aljihu.

Ya ƙirga abin da ke hannunsa sau biyu.
Mai faɗin ya nuna.

Tsakanin waya da maganaɗisu
ratar ba ta wuce kaurin farce ba.
Duk rugugin da ke tsinka gilashin maƙwabta
daga wannan 'yar tsagar yake fitowa.
Babana Anastácio ya nuna mini haka
tun ina tsayawa kan akwati in kai tebur.
Shekara talatin yana gwada sifikun mutane da kunnensa
har suka cinye shi.
Yanzu yana gindin ƙofa da kofin gahawa,
yana kallon leɓena in zai ji magana.

Na ɗaura bututu, na shafa gam,
ƙafa kan feda, yatsa kan waya.
Hawa na ɗaya. Hawa na biyu.
A na uku mai sayar da burodin cuku ya yi sallama,
lissafi ya kuɓuce mini a talatin da wani abu.
Na warware, na sake.
Waya ba ta yafe "kusan".
Mita ta ce om biyu cif,
na sa naɗin a tsohon tandun mamata ya gasu.

Juma'a da yamma muka ɗaura a bayan a-kori-kura.
Cleiton ya murɗa kaɗan.
Madubi ya fara kyarma,
lambar mota na haƙora,
karen makanike ya bar unguwa.
Baba ya taso, ya ajiye kofi,
ya ɗora tafin hannu a jikin ƙofa,
ya rufe ido kamar mai tuna sunan wani.
Ya daɗe.
Sai ya miƙa hannu ga amfilifaya,
ya mai da maɓallin baya da ɗan taƙi,
ya karɓi jan farcena, ya ɗiga alama:
nan, kada ka wuce.

Cleiton ya rantse da kabarin kakarsa.
Ya ja mota, titi na amsa masa har kwana.

Na share tebur, na kashe fitila.
Kafin in ja ƙofa
na ɗauko sabon bututu daga kwali,
na rubuta sunansa da fensir,
na ajiye shi kusa da mai faɗi
saboda Litinin.