Gurbin Kalma

Ƙarfe bakwai a Naraguta,
sanyi ya ƙandare min yatsu, alli na kuɓucewa.
Na raba musu kwafin wata tsohuwar waƙa,
Ingilishin da Baturen yau ma
sai ya dogara ƙamus yake ratsawa.

A layi na tara wuta ta lashi fatar,
ta bar huda kamar ta garwashi a zane.
Kalma guda ta tafi.
Shekara ɗari masana na tsugune a bakin hudar:
wannan ya ce “gida” ce,
wancan ya auna ƙunar da zare, ya ce “kabari”.
Ni ma na tofa nawa, shafi ashirin da biyu,
da su aka ƙara min albashi.

Nanbam, mai tasowa daga Bukuru da asuba,
ta ce, “Malam, kakata in tana waƙar niƙa
ta iso sunan ɗanta, shiru take yi,
dutsen ya ƙarasa mata.”
Na ce wannan ba hujja ba ce.
Na rubuta a bayan hannuna don kar in manta.

Bayan azahar, wasan ramuwar gayya,
irin na ƙarnin da ake dafa sarakuna da guba.
Mun ture kujeru, tebur ya zama fada.
Sadisu ya ɗaga rula a matsayin takobi,
Gyang ya durƙusa, wai shi ya kashe masa wa.
Bugun farko na littafin ya ce: ya sare shi.
Bugu na biyu bai ce komai ba.
Wasu sun ɗora wa mai ɗab'i, wai gyangyaɗi ya yi,
wasu sun ce marubucin ne ya sake shawara.

Hannun Sadisu na sama, yana rawa.
Na san unguwar da ya fito,
na san wadda Gyang ya baro,
da titin da ke tsakani, wanda ɗan acaɓa
kan tambayi sunanka kafin ya tsallaka.

“Malam, wane bugu za mu bi?”

Agogo ya cece ni.
Suka fita tare, suna gardamar kuɗin shayi.

A Farin Gada na tsaya sayen kabeji.
Mai kayan ba shi da leda,
na zaro shafi na goma sha ɗaya
na miƙa masa.